Dokin Larabawa Ko Dokin Barbar: Wanne Ya Dace Da Bargarka?

Duk wanda ya yi niyyar ɗaure doki a gidansa, ko don hawan salla, ko don sukuwa, ko kuma don ya kafa barga ya riƙa samun 'ya'ya, ba zai daɗe yana bincike ba sai ya ci karo da jinsi biyu da hamada ta raina, wato dokin Larabawa na yankin Najadu da hamadar Sham, da kuma dokin Barbar na ƙasashen Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Na farkon ya yi sunan da ko wanda bai taɓa riƙe linzami ba ya san shi, na biyun kuwa ba a cika ambatonsa ba, alhali jininsa, gauraye da na dokin Dongola na ƙasar Sudan, shi ne yake gudana a jikin dawakin da muke gani a Kano da Katsina da Damagaram da Dogon Dutsi. A ganina, mafi yawan masu neman doki a ƙasar Hausa dokin Barbar da danginsa na gida suke bukata ko da bakinsu yana kiran na Larabawa, sai dai akwai wasu bukatu ƙalilan da babu mai biyan su sai dokin Larabawa na asali.

Makiyayan hamada ne suka raini dokin Larabawa, musamman ƙabilun Anaza da Shammar da Muɗair, kuma irin rayuwar da suka yi ita ce ta siffanta shi. A doguwar tafiya raƙumi ne yake ɗaukar mutum da kaya, goɗiya kuwa janta ake yi a gefe, sai an kusa wurin hari sannan mahayi ya sauko daga raƙumi ya haye ta tana da sauran ƙarfinta. Sun fifita goɗiya a kan ingarma domin ba ta cika haniniya ba idan ta ji motsin wasu dawaki, saboda haka ba ta tona asirin mahara. Idan rani ya tsananta ciyawa ta ƙare, da nonon raƙumi da dabino da ɗan sha'ir ake riƙe ta, kuma a bakin tanti take kwana cikin mutane, yara suna wasa a ƙarƙashinta. Wannan doguwar zama da ɗan Adam ce ta sa dokin Larabawa yake da saurin shaƙuwa da mai shi, yake kuma riƙe wulaƙanci idan an yi masa.

Abin da ya fi bambanta Larabawan hamada da sauran masu dawaki shi ne tsare nasaba. Ta wajen uwa suke lissafin asali, kuma gidajen da suka fi shahara su ne Kuhailan da Saƙlawi da Ubayyan da Hamdani da Hadban, sannan akwai irin su Dahman da Mu'niƙi. Idan goɗiya ta haɗu da ingarman da ba a san asalinsa ba, zuriyarta ta fita daga lissafi ke nan, komai kyanta. Idan kuma za a sayar da doki ga baƙo, akan rubuta takardar shaida inda dattawa za su rantse da Allah cewa sun san uwarsa da ubansa, su buga hatimi ko su dangwala yatsa. Tun ƙarni na biyu na Hijira malamin tarihi Hisham ibn al-Kalbi, wanda ya rasu wajen shekarar 819 Miladiyya, ya rubuta littafi sukutum a kan nasabar dawakin Larabawa. Gaskiya ne binciken ƙwayoyin halitta na zamani ya nuna cewa sunayen gidajen nan ba koyaushe suke dacewa da jinin uwa ɗaya ba, amma wannan bai rage darajar al'adar ba, domin ita ce ta hana jinsin narkewa cikin wasu tsawon ƙarnoni.

Akwai kuma ɓangaren addini, wanda yake jan zukatan Musulmi da yawa zuwa ga wannan doki. Allah ya rantse da dawaki masu gudu a Suratul Adiyat, Manzon Allah (SAW) ya ce an ƙulla alheri a makwarkwaɗar dawaki har zuwa ranar alƙiyama, kuma ya shirya tsere a Madina, inda dawakin da aka horar suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Sai dai ya kamata mai saye ya lura cewa hadisin a kan dawaki gaba ɗaya yake magana, bai keɓe wani jinsi ba. Wanda ya ɗaure ɗan Arewa da kyakkyawar niyya, ya ciyar da shi, ya kyautata masa, bai kasa wanda ya ɗauko nasa daga Riyad a jirgi ba.

Yawancin dawakin Larabawa masu takarda da ake sayarwa a yau ba daga tantin makiyayi suka fito kai tsaye ba. Abbas Pasha na Ɗaya, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, ya kashe dukiya mai yawa yana tattaro goɗiyoyi daga Najadu tare da rubuta nasabarsu daga bakin masu su. Bayan rasuwarsa da yawa daga cikinsu suka koma hannun Ali Pasha Sharif, daga nan kuma Baturiya Lady Anne Blunt da mijinta, waɗanda suka kafa bargar Crabbet a Ingila a 1878, suka sayi wasu. Bargar Janow Podlaski ta Foland tana aiki tun 1817, El Zahraa ta birnin Alƙahira ta gaji jinin Masar, Al Shaqab ta Ƙatar kuwa a 1992 aka kafa ta. Daga 1970 ƙungiyar duniya ta dawakin Larabawa, wadda ake taƙaita sunanta da WAHO, ita ce take tantance littattafan rajista na ƙasashe. Wannan tarihi yana da tasiri a kan zaɓi, domin wasu bargogin sun karkata ga kiwon dokin baje koli mai fuskar da ta lotsa ƙwarai da siraran ƙafafu, wasu kuma suka riƙe dokin aiki mai ƙashi da numfashi. Duka biyun sunansu ɗaya, amma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Dokin Barbar bai samu marubutan nasaba kamar haka ba, amma a fagen fama tarihinsa ya riga na takwaransa bayyana. Mahayan Numidiya, tsohuwar daula a Arewacin Afirka, kakannin Berber na yau, suna hawa ba sirdi ba linzami, da sanda da igiya a wuyan doki kawai suke sarrafa shi, kuma su ne suka taimaki Hannibal, jagoran yaƙin Kartaj mai gaba da Rumawa, a yaƙin Cannae a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan da sarkinsu Masinissa ya koma ɓangaren Rumawa suka taimaka aka karya shi a Zama a shekara ta 202. Da rundunar Ɗariƙ ibn Ziyad ta ƙetara zuwa Andalus a 711, aka buɗe hanyar da dawakin Magrib, wato ƙasashen Maroko da Aljeriya da Tunisiya, suka riƙa shiga Sifen tsawon ƙarnoni suna gauraya da na can. A ƙarni na 19 Amir Abdulƙadir na Aljeriya ya shafe shekara 15 yana gwabzawa da Faransawa a kan waɗannan dawaki, su ma Faransawan da suka ga juriyarsu sai suka ɗora sojojinsu na doki a kansu, suka kafa babbar barga a Tiaret a 1877. Daga cikin ingarmu uku da ake cewa su ne tushen dokin tseren Ingila, akwai wanda ake kira Godolphin, wanda ya fito ta hannun sarkin Tunis, kuma har yau masana suna saɓani a kan ko Balarabe ne ko Barbar. Binciken da aka wallafa a 2017 da 2020 ma ya nuna cewa gudummawar dokin Larabawa ga dokin tseren Ingila ba ta kai yadda aka daɗe ana faɗa ba, kuma jinin dawakin Turkmen yana da babban kaso a ciki.

A nan ne tarihin Barbar ya haɗu da namu. Kafin manyan dawaki su ƙetaro Sahara, kuru ne ya fi yawa a ƙasar Hausa da Borno da maƙwabtansu, irin wanda har yanzu ake gani a tsaunukan Filato da kudancin Chadi. Fatake ne suka riƙa kawo manyan dawaki daga Magrib da Fezzan ta kudancin Libiya, kuma tsadarsu ta kai Ibn Baɗuɗa, da ya ziyarci Mali a 1352, ya rubuta cewa doki ɗaya yakan kai miskali 100. Matafiyi Leo Africanus, a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa Mai na Borno yakan ba da bayi 15 ko 20 a kan doki ɗaya, wanda wannan shafi ne mai ɗaci da bai kamata mai son dawaki ya rufe ido a kansa ba. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kayan da sai babban doki mai ƙarfin baya yake iya ɗauka, sannan Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya fara al'adar dawakin zage. Daga gabas kuma dokin Dongola na arewacin Sudan, mai dogayen ƙafafu da gantsararren hanci da yawan fari a goshi da ƙafa, ya biyo ta Wadai da Borno da arewacin Kamaru. Saboda haka idan mutum ya nufi yamma wajen Zabarma da Mali siffar Barbar ce take rinjaye, idan ya nufi gabas ta Dongola ce take ƙara fitowa, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiya ta ɗebi duka biyun. Ɗan Arewa da ɗan Azbin, har da bagazam da mawaƙan fada suke yabo, duk daga wannan tukunya suka fito.

Idan aka tsayar da jinsin biyu gefe da gefe, ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba. Dokin Larabawa yana da faffaɗan goshi mai ɗan tudu, daga ƙasan idanu fuskar ta lotsa ciki sannan ta sake ɗagowa wajen hanci, idanunsa manya ne a waje, ƙofofin hancinsa suna buɗewa sosai idan ya yi gudu, wuyansa ya lanƙwasa, kuturinsa kusan a miƙe yake, kuma da zarar ya motsa sai ya ɗaga jela sama. Fatarsa baƙa ce a ƙarƙashin gashi ko da kili ne, abin da yake kare shi daga zafin rana, kuma tsayinsa a kafaɗa yakan kama daga santimita 145 zuwa 155. Dokin Barbar tsayinsa bai yi nisa da haka ba, amma fuskarsa a miƙe take ko ta ɗan gantsaro waje, wuyansa kakkaura ne, gezarsa mai yawa, kuturinsa ya gangara ƙasa, jelarsa tana manne a ƙasa ba ya ɗaga ta. A idon mai ɗaukar hoto na farkon ya fi kyau, babu gardama. Amma wannan gangararren kuturi da ake raina wa Barbar shi ne sirrin aikinsa.

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ta fadar Kano ranar hawan daushe ya ga yadda ake jahi zai gane abin da nake nufi. Mahaya sukan saki linzami su taho a guje, ƙura ta turnuƙe, sai sun zo daf da inda Sarki yake sannan kowa ya ja, doki ya tura ƙafafunsa na baya ƙarƙashin cikinsa, ya kusan zama a kan kuturi yana zamiya, ƙirjinsa a sama, mahayi yana jinjina. Wannan tsayuwa ta farat ɗaya tana bukatar gajeren baya mai ƙarfi da kuturi mai gangara, kuma tana bukatar dokin da ƙarar bindiga da tambari da algaita ba za su fitar da shi daga hayyacinsa ba. Ba banza ba ne a Maroko ma, wasan tbourida, inda jerin mahaya suke sukuwa su harba bindigogi lokaci guda su tsaya cak, da Barbar da ruwa-biyun Larabawa da Barbar ake yin sa. Hukumar UNESCO ta sanya tbourida cikin kayan gadon duniya a 2021, ta kuma sanya hawan salla na Kano a 2024, kuma duka al'adun biyu a bayan doki iri ɗaya suka girma. Dokin Larabawa yana iya koyon wannan aiki, amma yana da saurin firgita da zafin rai, bakinsa kuma ba ya jure linzaminmu na gargajiya mai kaifi a hannun wanda bai ƙware ba. Ga sirdi mai nauyi da jalala da kayan ado, ga babbar riga da alkyabba, ga tsayuwar awanni cikin rana da cunkoso, duk waɗannan ɗan gida ya fi ɗaukarsu da sanyin rai.

Inda dokin Larabawa ba shi da na biyu shi ne tseren dogon zango. A gasar da ake cin kilomita 160 cikin yini ɗaya, irin wadda ake yi a Daular Larabawa da Faransa, da kuma ta Tevis da ake yi a Kalifoniya ta Amurka tun 1955, kusan kullum shi ko ruwa-biyunsa ne suke zuwa kan gaba. A irin wannan gasa likitoci suna tsayar da doki a kowane zango su auna bugun zuciyarsa, kuma ba a barinsa ya ci gaba sai bugun ya sauko, to shi zuciyarsa tana saurin komawa daidai, siririyar fatarsa kuma tana saurin fitar da zafi. Barbar ma yana da juriya ƙwarai, kuma ya fi iya hawa duwatsu da ɗaukar kaya, amma a ma'aunin agogo yana baya. A gajeriyar sukuwa irin ta filayenmu kuwa, kada mai saye ya ruɗu, domin dukansu biyu ba su kama ƙafar dokin tseren Ingila ba, shi ya sa ake ware wa na Larabawa tserensu daban, kamar Kahayla Classic a Dubai. Haka nan mai son folo, wasan da gidan sarautar Katsina ya ɗaukaka tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo, zai tarar manyan 'yan wasa dawakin Ajantina da na Sudan suke nema.

Maganar lafiya ita ce ya kamata ta fi tsayar da mai shirin shigo da doki daga waje. Akwai cutar dawaki ta Afirka wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba suke yaɗawa, musamman da damina da bayanta, kuma a cikin dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe tara cikin goma. Dawakinmu na gida sun tashi a cikinta, da yawansu suna da kariya, baƙo kuwa yana sauka ne ba shi da komai sai rigakafin da aka yi masa. Ga cututtukan kaska, ga sammore a wuraren da ƙudan tsando yake. Saboda haka dokin da aka ɗauko daga Ƙatar ko Turai yana bukatar barga mai raga, da feshi, da likitan dabbobi na kusa, da abincin da aka auna, alhali ɗan Arewa yana ƙiba a kan harawa da dusa da dawa da ɗan kanwa. Wannan cuta ce kuma ta sa fitar da doki daga ƙasashenmu zuwa Turai ko yankin Gulf yake da matuƙar wahala, don haka wanda yake lissafin zai haifi 'ya'ya ya sayar a kasuwar duniya ya sake lissafi. Bugu da ƙari, jinsin Larabawa yana ɗauke da wasu cututtukan gado, mafi muninsu shi ne wanda ake haihuwar duƙushi ba shi da garkuwar jiki ya mutu cikin 'yan watanni, kuma ana gano mai ɗauke da shi ta gwajin gashi ko jini, gwajin da bai kamata a biya kuɗi kafin a ga sakamakonsa ba.

Wanda burinsa kiwo ne yana da darasi a abin da ya faru a Magrib. Tun zamanin Faransawa aka riƙa ɗora ingarmun Larabawa a kan goɗiyoyin Barbar don a samu doki mai kyan kai da ƙarfin baya, kuma an samu, har ruwa-biyun ya zama shi ne mafi yawa a yankin. Amma an wayi gari tsantsar Barbar ya yi ƙaranci, sai da aka kafa ƙungiyar duniya ta kare shi a birnin Aljas a 1987. Mu namu halin ya fi nasu rauni, domin ba mu da littafin rajista na ɗan Arewa ko ɗan Borno, nasabar tana bakin shamakai da dattawan barga ne kawai, kuma kowace goɗiya ta ƙwarai da aka ba wa baƙon ingarma ba tare da rubutu ba, wani reshe ne ya ɓace. Wannan yana damuna fiye da komai a cikin wannan magana. Ba na hana gauraye, domin ɗan da aka samu tsakanin ingarman Larabawa mai ƙashi da goɗiyar gida yakan yi kyau ya yi numfashi, amma mai barga ya ware wasu goɗiyoyinsa mafi kyau ga ingarman gida, ya kuma buɗe littafi ya rubuta uwa da uba da launi da ranar haihuwa, kamar yadda Larabawan da muke sha'awar dokinsu suka yi.

Saboda haka mai son hawan salla ko hawan angwanci ko kilisar yamma, da wanda wannan ne dokinsa na farko, ya nemi ɗan gida mai siffar Barbar, kuma idan yana son tsayi da kwarjini a cikin tawaga ya karkata ga mai jinin Dongola, tare da duba ƙirjinsa da kuturinsa domin wasunsu sukan yi tsayi ba cika. Mai son tseren dogon zango, ko mai son riƙe jini mai rubutacciyar nasaba, wanda kuma yake da halin barga mai raga da likita, shi ne ya dace da dokin Larabawa, kuma ya zaɓi na gidajen aiki, ya bar na baje koli. Idan dillali a Maigatari ko wata kasuwa ya ce doki na Larabawa ne, a nemi takardar rajistar da WAHO ta amince da ita, a kuma sa likita ya karanta lambar da aka dasa a wuyansa a gani ko ta dace da takardar. Idan babu wannan, a saye shi a farashin ɗan gida. Kowanne aka zaɓa, a buɗe baki a duba haƙora don sanin shekaru, a ɗaga kofato huɗu ɗaya bayan ɗaya, a shafa jijiyoyin ƙafa a ji ko akwai zafi ko kumburi, a sa yaro ya ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri a ga ko yana ɗingishi, sannan a hau a yi sukuwa a saurari numfashinsa bayan ya tsaya, kafin a fara maganar kuɗi.